Kama Da Wane Ba Ta Wane: Yini Guda Daga Nkomkana Zuwa Birketeri

A watan da ya shige na yi baƙo daga Kano, ɗan yayata, saurayi ɗan shekara 24, tela ne kuma gwanin aikin wuyan riga. Ya biyo ta Yola ya tsallako Garwa, mota ta kawo shi Ngaundere, ya kwana cikin jirgin ƙasa ya wayi gari a Yawunde. Ya zo da huluna da 'yan yadudduka na shadda, da niyyar in kasuwa ta karɓe shi ya zauna. Da na tarye shi a tashar jirgi na tambaye shi yadda ya ƙare da ma'aikatan kan hanya, sai ya ce mini, "Kawu, ai ba damuwa. An ce Kamaru ƙasa ce mai harshe biyu, ni kuwa na gama sakandare, Ingilishina zai fisshe ni." Ban ce masa komai ba, domin baƙo ba a tarye shi da gardama.

Kwana biyu da zuwansa gas ɗinmu na girki ya ƙare da magariba, sai maiɗakina ta jawo tsohon risho, ta miƙa masa kwalba ta ce ya je gidan mai ya sayo mata pitirol lita ɗaya. Yaro ya tafi, bai yi wa mai sayarwa dogon bayani ba tun da ba su jin juna, ya nuna masa famfon da ya ga masu babura suna shan mai, aka cika masa kwalba ya dawo. Allah ya kiyaye, ita mace ce mai shinshina abu kafin ta zuba. Tana buɗe murfi ta yi salati. Fetur ne zalla ya kawo, ga yara uku zaune kusa da risho suna jiran tuwo.

Laifin ba nasa ba ne, ba kuma nata ba. A Faransanci kalmar pétrole kananzir take nufi, shi ne mu a nan muka mayar pitirol. A Ingilishi kuwa petrol shi ne man mota, wanda Hausawan Nijeriya suka mayar fetur, mu kuma muke ce masa isansi. Kalma ɗaya ce a kunne, amma ɗaya tana dafa tuwo, ɗaya tana ƙone gida. A daren nan na ce masa gobe Asabar ba makaranta, ya shirya da sassafe zan zaga da shi gari, kuma ya riƙo littafin rubutu da biro. Ƙaramin ɗana da ke gefe ya fashe da dariya ya ce, "Baba, yaya za a yi ya ɗauki biro a hannu?" Ni ma bakina ne ya bi na baƙo. Shi yaron biro a wurinsa ofis ne, wato bureau, abin rubutu kuwa bik ya sani.

Unguwarmu Nkomkana a kan tudu take, kamar yawancin unguwannin Yawunde, garin da ake yi wa kirari da mai tuddai bakwai ko da yake duk wanda ya taka shi da ƙafa ya san sun fi haka. Muna cikin ƙaramar hukuma ta biyu, tare da Tsinga da Mokolo da Birketeri. Hausawan da ke zaune a nan yawancinmu rassa ne na Birketeri, gidajen iyaye suka yi mana kaɗan muka hauro, amma sallar Juma'a da ɗaurin aure da jana'iza duk can muke gangarawa. Muka bi ta Tsinga, na nuna masa babban masallacin da Saudiyya ta gina aka buɗe a 1997, da kuma babban zauren taro na ƙasa da ke can bisa tsauni, wanda 'yan Sin suka gina.

A ƙofar wani ofishin gwamnati ya tsaya yana karanta allo, fuskarsa ta washe. Hagu an rubuta sunan ƙasa da takenta da Faransanci, dama an rubuta da Ingilishi. Ya ce, "Ka gani ko Kawu, ga shi nan." Na ce ya shiga ciki ya tambayi masinja inda ake buga hatimi, ya ga da wane harshe za a amsa masa. Gaskiya ne tsarin mulkin 1996 ya ce harsunan biyu darajarsu ɗaya, an kafa hukumar bunƙasa su a 2017, an kuma yi doka a kansu a 2019. To amma jihohi 8 cikin 10 na Faransanci ne, kuma Yawunde na tsakiyarsu. Ingilishi na kan allo, Faransanci na bakin mai riƙe da hatimi.

Da yake ya tambaya, na ba shi tarihin a gurguje muna tafiya. Jamusawa ne suka fara mallakar ƙasar a 1884, aka kore su a 1916 lokacin yaƙin duniya na farko, Faransa ta ɗauki babban kaso, Ingila ta ɗauki wani siririn yanki da ke jingine da Nijeriya. Ɓangaren Faransa ya sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960 a ƙarƙashin Ahmadu Ahijo, mutumin Garwa. Ranar 11 ga Fabrairu 1961 aka yi wa ɓangaren Ingila ƙuri'ar raba gardama: na arewa, su Mubi, suka zaɓi Nijeriya, na kudu, su Bamenda da Kumba da Buya, suka zaɓi Kamaru, aka haɗe ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara. Bahaushe kuwa yana nan a kowane ɓangare tun kafin a ja layin, yana fataucin goro da shanu. Shi ya sa a yau za ka sami 'yan wa da ƙane, ɗaya ya tashi a tsohuwar unguwar Hausawa ta Bamenda ɗaya a Birketeri, suna Hausa da juna amma rabin kayan da ke cikin ɗaki kowa da sunan da yake kiransu.

Darasinmu na farko a garejin wani abokina muka yi shi, a gangaren da ke shiga Birketeri. Na ce wa baƙona ya riƙa nuna abu yana faɗin sunansa, yaran gareji su faɗi nasu. Ya ce taya, suka ce pine. Ya ce birki, suka ce furen. Sitiyari ya zama bolan, direba ya zama shofer, lasisi ya zama parmi, kwastan kuma duwan. Nan da nan shafi ya cika, har abin ya zama wasa, yara suna ta kawo masa ƙarafa. Irin waɗannan kalmomi ba su da haɗari. Ba su yi kama da juna ba, saboda haka wanda bai sani ba ya san bai sani ba, zai tambaya. Mai garejin ma ya ce duk ya san na Nijeriyar, domin finafinan Kano yake kallo, kuma tun yana yaro mahaifinsa ke kama sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki tun 1957. Abin lura ke nan game da mu Hausawan Kamaru. Mutumin Kano Ingilishi kaɗai ya shiga Hausarsa, mutumin Maraɗi Faransanci ya fi shiga tasa, mu kuwa Faransanci na shigo mana ta titi da makaranta, Ingilishi na shigo mana ta rediyo da fim da littattafai da bakin fatake. Kowane abu suna biyu muke ajiye masa, kamar mai ajiye makulli biyu na ƙofa ɗaya.

Sunan unguwar kansa darasi ne. A rubuce Briqueterie ne, ma'anarsa wurin yin tubalin ƙasa da ake gasawa, domin a nan Jamusawa suka yi masana'antar jan bulo. 'Yan ƙasa, wato Ewondo, Ekudu suke kiran wurin. Kakanninmu sun fara zama ne kusa da tsakiyar gari, Turawan Faransa suka yi ta matsar da su har suka dire a nan cikin shekarun 1930. Yau ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Fulani, da Barebari, da Bamun, da Kotoko, da mutanen Nijar da Mali da Sanagal da Chadi, ko da yake mutumin kudu duk wanda ya gani da doguwar riga da hula Bahaushe yake ce masa. Lunguna ƙanana ne, gidaje a cushe, in damina ta sauka kwatami ya cika abin sai haƙuri. Amma babban titin da ya ratsa unguwar, tun daga wajen babban masallaci, shaguna ne na yadi da turare da darduma da carbi, ga ƙarar kekunan ɗinki ba dare ba rana. Baƙona ya ja dogon numfashi ya ce ya ji ƙanshin Kwari.

A shagon wani dattijon tela, wanda nake fatan zai ɗauke shi aiki, a nan abin ya yi armashi. Bayan gaisuwa dattijon ya tambaye shi, "Samari, ka zo da mashin ɗinka?" Yaro ya ce a'a Baba, ya sayar da shi kafin ya taso, domin ba zai iya hawansa tun daga Kano ba. Shago ya kaure da dariya. Keken ɗinki ake tambayarsa, shi kuwa babur ya ji. Ana cikin haka wata mata ta shigo ta ce a nuna mata tisi mai kyau, na ga yaro ya sunkuyar da kai don kunya. A Faransanci tissu yadi ne, shi kuwa takardar shiga bayan gida ya sani da wannan suna. Haka chemise, wadda a nan rigar maza ce mai maɓalli, kai har bangon da ake saka takardun ofis ma sunansa ke nan, alhali a Kano shimi tufar mata ce ta ciki. Veste a nan kwat ce ta sama, shi kuma bes ɗin da ya sani singileti ce. Ka duba tela ya karɓi aikin veste ya ɗinka wa babban ma'aikaci singileti!

Dattijon bai tsaya ga dariya ba, ya ɗauko tef ɗin awo ya juya masa shi. Fuska ɗaya inci, ɗaya santimita. Ya ce masa a nan da santimita ake auna mutum, da mita ake yanka yadi, sai fa atamfa da har yanzu ake lissafinta da yadi shida. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗan ɗoriya, mita kuwa 100 cif. Wanda aka ce ya yanka mita 10 ya yanka yadi 10 ya ci wa mai kaya kusan mita guda, kuma ba wanda zai ce kuskure ne, sata za a kira shi. Na ga yaro ya rubuta wannan ya ja masa layi biyu.

Daga nan muka leƙa kantin magani, domin yana fama da mura tun sanyin jirgi. A bakin ƙofa na riƙe hannunsa na gargaɗe shi da kalma ɗaya. A Ingilishin Nijeriya drug magani ne kawai, kowa na faɗinsa a asibiti. A Faransanci drogue ƙwaya ce ta maye, wadda ake ɗaure mutum a kanta. Duk wanda jandarma ya tare a hanya ya tambaye shi abin da ke cikin jaka, ya buɗe baki ya ce drug ne, to ya sayi kwanan da bai shirya ba kafin a gane farasitamol yake nufi. Haka kuma médecin likita ne ba magani ba, maganin médicament ne. Ya ce, "Kawu, wannan ai tarko ne." Na ce haka malaman harshe ma suka gani, har suka laƙaba wa irin waɗannan kalmomi suna, wai abokan ƙarya. Mu kuwa tuni Hausawa suka gama magana: kama da wane ba ta wane.

Bayan la'asar muka gangara wajen masu tsire, waɗanda su ne suka fi fitar da sunan Birketeri a garin nan. Da yamma za ka ga manyan motoci sun yi layi, ma'aikata da 'yan kasuwa, Musulmi da Kirista, kowa na jiran a yanka masa. A nan ne kaɗai baƙona ya ga an juya lissafi, domin a nan Faransanci ne ya ci bashin Hausa. Suyarmu ce suka mayar soya, kilishi yana nan da sunansa, kuma duk ɗan arewa mai shago maguida suke kiransa, wato maigida. Ingilishi ma ya bar sawunsa a Faransancin titi ta hanyar Buroka: matan da ke sarin kayan gwari a kasuwar Mokolo bayam-salam ake ce musu, daga saye da sayarwa, yaron mota kuma motoboi.

Muna cin nama ya yi mini tambayar da na daɗe ina jira ɗalibaina su yi. Ya ce me ya sa harsunan nan biyu suke kama haka, alhali masu su ba sa jin juna? Na nuna masa allon mai tsire inda aka rubuta bœuf da mouton. Na ce a shekarar 1066 wani sarki daga Normandi ta ƙasar Faransa, mai suna Wiliyam, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi. Shekaru aru-aru bayan haka sarakuna da alƙalai da masu ƙasa Faransanci suke yi, talakawa na Ingilishinsu. Talaka na kiwon saniya da tunkiya yana kiransu da sunansu na gida, in nama ya hau teburin masu mulki sai a kira shi da Faransanci. Shi ya sa har gobe Bature ɗan Ingila suna daban yake ba dabbar, naman kuma ya ce beef da mutton. Dubban kalmomi suka shiga ta wannan ƙofa, na shari'a da na mulki da na girki. Daga baya kowane harshe ya kama hanyarsa, waɗansu kalmomin suka riƙe ma'anarsu, waɗansu suka sauya. Kamar dai 'yan uwa ne da aka raba tun suna yara, fuska ɗaya, hali ya bambanta. Ga librairie kantin sayar da littattafai, ga laburare inda ake aro. Ga monnaie da direban tasi ke tambaya, canji yake nufi ba kuɗi kawai ba. Ga sale, wanda a Ingilishi sayarwa ne, a Faransanci ƙazanta, a wurinmu kuma sunan mutum ne mai daraja, abin da ya sa duk Salen da ya shiga makarantar Faransanci sai ya sha tsokana.

A cikin irin waɗannan kalmomi akwai wadda har yau in na tuna ta raina ke ɓaci. Bayan rikicin da ya tashi a jihohin Ingilishi a 2016, iyalai da yawa sun baro Bamenda da Kumba sun dawo Yawunde, cikinsu har da Hausawa. Wani uba daga cikinsu ya sa ɗansa a ajina, aji na ƙarshe na firamare a ɓangaren Faransanci, domin ita ce makarantar da ke kusa kuma ita yake iya biya. Yaron ya yi ƙoƙari ƙwarai, amma shekara ɗaya ba ta isa a koyi harshe a kuma ci jarrabawa da shi ba. Ranar da aka gama jarrabawar fita ya koma gida ya gaya wa uban da sabon Faransancinsa cewa ya yi passé. Uban, wanda ya yi makarantar Ingilishi, ya ji pass, ya yanka kaji ya raba goro a masallaci. A Faransanci kuwa passer jarrabawa zama ne kawai a rubuta ta, cinta réussir ne. Da sakamako ya fito babu sunan yaron, uban ya yi masa dukan maƙaryaci, ya kuma zo makaranta yana huci. Na zaunar da shi na rubuta masa kalmomin biyu a allo. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Malam, da ya gaya mini da Hausa ai da ba a yi haka ba." Da Hausa ba mai haɗa "na rubuta" da "na ci".

Tun daga ranar na sauya yadda nake koyar da darasin Ingilishi. Littattafan da ake ba mu layi biyu suke ja, kalma a hagu, takwararta a dama, yaro ya haddace kamar karatun aku. A makarantar horon malamai ma haka aka koya mana. A ganina wannan hanya ce ta haifar da yaron da zai gaya maka window ita ce fenêtre, amma in ka nuna masa tagar ajin ka ce mene ne wannan a gidanku sai ya yi zuru. Yanzu layi uku nake sa su ja. Na ukun na harshen gida ne, Bahaushe ya rubuta Hausa, Bafillace Fillanci, ɗan Ewondo nasa, wanda bai sani ba ya je ya tambayi kakarsa. Wani mai duba makarantu ya taɓa ce mini ina ɓata lokacin manhaja. Ban yi musu da shi ba, ban kuma daina ba, domin na lura duk kalmar da yaro ya ɗaure ta da harshen uwarsa ba ta kuɓuce masa, kuma abokan ƙaryar nan a layi na uku asirinsu ke tonuwa. Yaron da ya rubuta kananzir a gaban ɗaya, fetur a gaban ɗaya, ba zai sake haɗa su ba.

Kada kuma mutanen Kano su ɗauka su sun tsira. Da na gwada baƙona da wannan taga, wundo ya ce mini, sai da ya yi tunani kafin ya tuno ta Hausar. Ya riƙa cewa zai yi cajin waya ya yi kiran kwastoma, amma yana dariyar 'ya'yana don sun ce an ɗauke kuran za su yi bakansi a gidan kaka. Na ce masa tulu ne ke yi wa randa gorin ciki.

Mun hauro gida bayan isha'i a tasi, domin ƙafa ta gaji da tudu. Direba ya tambaye shi monnaie, ya laluba aljihu ya miƙa masa silalla daidai ba tare da ya dube ni ba. Dattijon telan nan ya karɓe shi aiki ranar Litinin, bisa sharaɗin wata guda yana yanka a gabansa har hannunsa ya saba da santimita. Littafin yana aljihunsa kullum, ya ja masa layi uku, kuma na ga ya fara ƙara na huɗu saboda Fillancin abokan aikinsa.

Shekaranjiya gas ya sake ƙarewa. Maiɗakina ta ɗauko kwalbar nan, ta wanke ta sarai, ta miƙa masa ta ce pitirol lita ɗaya. Ya karɓa ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Inna, na risho ko na mashin?" Ta ce, "Wane mashin ɗin, naku ko namu?"